Kada Wuta Ta Taɓa Shi

Abin nan ya faru ne bayan guguwar da ta cika ramukan jirgin ƙasa da ruwa ta bar rabin gari cikin duhu, amma kafin a zaɓi shugaban ƙasa mai jan gashin nan da ya sa kowa ya riƙa kwana da fasfonsa ƙarƙashin matashi. In kuna son in matso da ku kusa, to hunturun da ya biyo bayan cutar nan ne da ta sa ake auna zafin jikin masu saukowa daga ƙasashenmu a filin jirgin JFK. Ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba ko a takarda, a filin jirgin yake jiran fasinja da tasi, shi ya sa lokacin ya zauna mini. Kullum ya dawo sai ya wanke hannu har gwiwar hannu kafin ya durƙusa ya gaishe ni.

Ni ban yi boko ba. Matarsa ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gaya mata in ta rage ko ta ƙara Allah yana gani.

Sana'ata wankan jego. Wajen kakata na gaje ta, da sana'ar na hau jirgi na sauka a unguwar Morris Heights da ke Bronx, hawa na huɗu a wani bene marar lifta. A garin nan asibiti kan sallamo yarinya da ɗanyen jiki, a miƙa mata takarda a ce ta tafi gida, ba uwa ba inna. To ni ake kira. 'Yan Kumasi, 'yan Damagaram, 'yan Kano, duk ni ce. In ɗora babbar tukunyata a kan gas, in zuba busasshen ganyen darbejiya da ake aiko mini daga gida, in zaunar da mai jego a bahon wanka in gasa ta tana ihu tana kiran uwarta. In dama mata kunun kanwa. In ɗauki jaririn in wanke shi, in miƙe masa gaɓoɓi, in gasa cibiya. Daga Bronx har Flatbush, ɗan Hausan da aka haifa a shekarun nan bai ratsa tafin hannuna ba, sai dai in uwarsa ba ta da dangi masu hankali.

Sai sanyin garin ya shiga mini gwiwoyi. Suka kumbura kamar ƙullin fura. Ƙwayar asibiti in na sha cikina ya ɗauki wuta. Har ta kai ni da nake tsugunawa gaban baho rabin yini, a kan kujera nake salla, goshina bai taɓa ƙasa.

A hawa na ɗaya akwai wata tsohuwa 'yar Jamaika, siririya, mai farin gashi, a wurin injin wanki muka saba. Turancina bai wuce na gaisuwa da cinikin tumatir ba, ita kuwa ko sannu ba ta sani ba, amma tsufa yarensa ɗaya. Ta ga yadda nake bin bango, ta kama hannuna ta kai ni kicin ɗinta. Ta buɗe firiza ta fito da wani ganye mai yatsu kamar buɗaɗɗen tafin hannu, da 'yan ƙananan kawuna kore masu danƙo. Ɗan ƙanenta ke kawo mata daga wata gona can nesa da gari. Ina gani na gane shi. Wa ya taɓa ratsa bayan tashar motar garinmu bai san wiwi ba?

Na ce, "A'uzu billahi!" na ja da baya.

Ta yi dariya har tana riƙe ƙirji. Ta nuna murhun gas, ta kaɗa mini yatsa. "No fire, Mama," in ji ta. Ta juya yatsa a gefen kanta yadda ake kwatanta mahaukaci, ta sake nuna murhun. Sannan ta nuna firiza, ta shafa gwiwarta, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya a kan ɗaya kamar zalɓe. A gabana ta zuba ganyen a bilenda da ɗanyar citta da tuffa da ƙanƙara, ta markaɗa, ta shanye. Na zauna ina jiran ta fara surutai. Ta ɗauko tabarau ta ci gaba da ɗinkin labulenta, zaren ma sau ɗaya ta zura a allura.

Ban sha ba ran nan. Na hau sama na tambayi surukata, don a gidan kula da tsofaffi take aiki, ita ke raba musu magani. Ta daɗe tana latse-latsen wayarta. Sannan ta ce, "Inna, gaskiyar matar nan. Abin da ke cikin ɗanyen ganyen daban ne da abin da ke bugar da mutane. Kamar wuƙa ce a cikin kube. Muddin yana ɗanye, kuben bai barinta ta kama ƙwaƙwalwa. Zafi ne ke zare kuben, ko wutar sigari, ko tukunya, har daɗewa a bushe ma tana zare shi a hankali. Amma maganar yana maganin kumburi, likitoci ba su gama bincike ba. Kuma doka ba ruwanta da ɗanye ko dafaffe."

Na ce, "To ni ba doka na tambaye ki ba, hankalina na tambaya."

Ranar da na fara sha, ɗaci ne da warin ɗanyar ciyawa, sai ɗan yaji a maƙogwaro. Na zauna bakin taga da carbina ina tsaron kaina kamar mai gadi. Na karanto surorin da na sani, ba wadda ta ɓace. Na jero sunayen jikokina, kowa na nan a wurinsa. Kaina garau. Na ci gaba da sha kowace safiya. Kafin sanyi ya kai tsakiyarsa kumburin ya fara saɓewa, wata asuba sai ga goshina a ƙasa. Ko ganyen ne, ko cittar ce, ko hawa da saukar da nake yi zuwa wajen tsohuwar, ko Allah ne kawai ya ga dama, wannan ban sani ba. Abin da na sani, ko sau ɗaya ƙasa ba ta juya da ni ba.

Da tafiya ta yi tafiya na ɗebo kaɗan na ajiye a firizarmu don in huta da saukowa. A nan Mai Turare ta shigo labarin.

Mai Turare garinmu ɗaya da ita, na girme ta nesa, Yaya take ce mini. Turaren wuta da humra take sayarwa gida gida, kuma ita ce uwar ƙungiyar matan unguwa. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda in ta shigo ɗaki sai kowa ya gyara zama. Ta zo tallan turare, ta buɗe firizarmu neman ruwan sanyi kamar gidan ubanta, ta ga ledar. Ta ɗaga, ta shinshina, ta mayar. Har ta yi mini sallama da dariya.

A makon aka yi sunan ɗan wata yarinya 'yar Kumasi, haihuwar fari, wadda ni nake mata wanka tun ranar da ta dawo daga asibiti. Falo cike da mata. Na miƙa hannu zan karɓi jaririn kamar yadda na saba, sai muryar Mai Turare ta tashi daga kan doguwar kujera.

"Ke 'yar nan, riƙe ɗanki. Hannun da ke dama wiwi da safe ba ya ɗaukar ɗan kwana bakwai da yamma."

Wata ta ce, "Ei, Hajiya, wane irin magana ke nan?"

"Ku tambaye ta mana. Da idona na gani a firizarta, kusa da naman miya."

Na ce, "Ɗanye nake sha don gwiwata, kuma ɗanyensa ba ya bugarwa. Da dawa ake tuwo, da dawa ake burukutu. Kin taɓa jin an kira mai tuwon dawa mashayiya?"

Ta tafa hannu. "Kun ji ko? Har fatawar 'yan tasha ta iya!"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a ƙirji har yau, yarinyar nan da na gasa da hannuna, na ga tsiraicinta, na share mata hawaye, ita ce ta janye ɗanta zuwa ƙirjinta a hankali, idonta a ƙasa. Hannuwana suka tsaya a iska, babu komai a cikinsu. Na mayar da su cikin mayafi na fita.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Ɗana ya ce, "Inna, lasisina za ki sa a ƙwace, mu kwana a titi." Ya zubar da ledar. Gidansa ne, kuma yana da gaskiyarsa, ban sake shigo masa da shi ba. Na koma saukowa wajen tsohuwata 'yar Jamaika.

Daga nan wayata ta mutu da ranta. Sai dai in ji an haihu a bene kaza, an yi suna a titi kaza. Ƙanwar Mai Turare ce ta karɓe wankan, da ruwan da ko kaza ba zai fige ba. Tukunyata tana kife a saman firji, darbejiyata tana ta zama gari a buhu. Matan da nake kira 'ya'yana in sun hango ni a shagon nama sai su tsaya karatun gwangwani. Surukata takan ce in yi haƙuri. Ni kuwa a sujadar da Allah ya mayar mini, ba haƙuri nake roƙo ba. Rana nake roƙo.

Da zafi ya shigo, wata rana na nufi tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu, wadda ke can sama sai an hau dogon matakala. A tsakiyar matakalar na tarar da Mai Turare, ta rungume ƙarfen dafawa, jakunkunan turare a ƙasa, gumi ya jiƙa mata wuya. Na zo daidai ita ban dafa komai ba. Na ce, "Sannu Hajiya, a bi a hankali dai." Na wuce. Ban waiga ba, amma ina jin idonta a duga-dugaina har na kai sama.

Ba a daɗe ba 'yarta ta haihu, jikanta na farko a ƙasar nan. Ba a kira ni ba. Ana saura kwana biyu suna, da hantsi, sai ga sallama. Mai Turare ce, ta hau hawa huɗun nan tana numfashi kamar saniyar da aka kora, ta dire mini kwalbar humra.

"Yaya, wata ƙawata ce a Flatbush gwiwa ta hana ta sakat. Na ce bari in tambaye ki ko za a samu ɗan abin nan."

Na ce, "Wane abu?"

"Ganyen nan dai."

"Na 'yan tasha?"

Ta yi yaƙe. "Haba Yaya, ai wasa ne irin na taro."

Na ce, "Allah ya ba ƙawar taki lafiya. Ta dama ce ko ta hagu?" Hannunta kuwa yana kan gwiwarta ta dama yana murzawa. Ta yi sauri ta ɗauke.

Na sauka na karɓo mata leda guda, ganye da kawunansa, na miƙa mata a bakin ƙofa don kada ya kwana a gidan ɗana. Na kira surukata ta tsaya shaida. Na ce, "Ki gaya wa ƙawarki, kaɗan ake ɗiba, a markaɗa da ruwan sanyi a sha ɗanye. Kada wuta ta taɓa shi. In wuta ta taɓa shi ya zama wancan da kika faɗa a taro."

Ta taɓe baki. "Ɗanye? Sai ka ce akuya. Yaya, wane ganye ne ɗan Adam ke ci bai ga tukunya ba? Ai wuta ce ke kashe dafin komai."

To ga inda zancen yake. Mu tun muna goye muka san wuta gyara take yi. Zogale sai an dafa, rama sai an tafasa an zubar da ruwan, gwaza in bai nuna ba ya yi ta ƙaiƙayi a maƙogwaro, rogo mai ɗaci ba a wasa da ɗanyensa. Duk macen da ta iya girki, in aka ba ta ganyen da take tsoro, tukunya za ta nufa da shi don ta karya masa ƙarfi. Wannan ganyen shi kaɗai na sani wanda yake barci yana ɗanye, wuta ta tashe shi. Na dube ta, na ga tukunyar a cikin idonta. Na ja bakina na rufe.

Da ta tafi surukata ta ce, "Inna, dafawa za ta yi fa."

Na ce, "Da Hausa na faɗa mata, ita ma Bahaushiya ce."

Surukata ba ta iya zama da abu. Ta buga mata waya ta maimaita mata, har ta ce mata mai hawan jini ya yi hattara. Mai Turare ta ce ƙawarta ta ji, ta kashe wayar.

Ranar suna na ci ado. Ba a gayyace ni ba, amma suna ba a kai wa mutum kati. A babban ɗakin taro na ƙarƙashin wani bene aka yi, mata fal, na samu kujera inda zan ga kowa na zauna. Daga baya ƙanwar Mai Turare ta faɗi abin da ya faru da safe. Mai Turare tana son ta yini a tsaye tana karɓar baƙi, sai ta juye ledar nan gaba ɗaya a kasko, ta soya da man shanu da albasa, ta fasa ƙwai a kai yadda ake wa zogale, ta cinye tas da burodi. Da ta ji shiru ba ta ji komai ba, har cewa ta yi ashe ganyen banza ne.

Bayan azahar ƙarfin ganyen ya iso. Wata malama tana addu'a a lasifika, kowa ya ɗaga hannu, sai muka ji ƙiƙiƙi daga teburin gaba. Uwar ƙungiya ce. Ta toshe baki da mayafi, dariyar ta fito ta hanci. Ta ce, "Wai tun jiya ake addu'ar nan ba a shafa ba?" Idanunta sun yi ja kamar garwashi. Ta jawo tiren wainar baƙi gabanta tana ci da hannu biyu, tana cewa a ba ta ruwa, bakinta ya zama auduga. Ta hango wata 'yar Damagaram ta nuna ta da waina.

"Ke! Turaren nan da na ce miki daga Maiduguri aka kawo, a kicin ɗina na haɗa shi!"

Matar ta ce, "Iye?" Wasu suka fara dariya, wasu suna salati. 'Yarta mai jego ta miƙe da jariri a hannu tana cewa, "Mama, mene ne haka? Mama!"

Sai dariyar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Mai Turare ta dafe ƙirji. Ta ce zuciyarta tana gudu, ta ce rufin ɗakin yana saukowa, ta ce ƙafafunta ba nata ba ne. Ta zame daga kujera ta zauna daɓas a ƙasa, gwaggwaronta ya faɗi.

"Mutuwa zan yi! Ku kira mini Yaya mai wanka! Ganyenta na ci, ita ta san shi!"

Duk kawuna suka juyo gare ni. Na gama tauna goron da ke bakina. Na gyara mayafi. Na taka a hankali, da gwiwoyina biyu, na tsaya a kanta.

Na ce, "Ke ko ƙawarki ta Flatbush?"

"Ni ce, Yaya, ni ce."

"Me na ce miki da na ba ki?"

"Kin ce kada wuta ta taɓa shi."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Ta faɗa da ƙarfi tana kuka. Na juya ga matan na ce, "Tun hunturu nake shan ɗanyensa kowace safiya. Wadda ta taɓa ganina a wannan hali ta tashi ta faɗa." Ba wadda ta motsa. Na ce, "To wannan da kuke gani shi ne dafaffe. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Surukata ta ture ni gefe tana hararata, ta kama wuyan hannun Mai Turare tana duba agogo. Aka kai ta wani ƙaramin ɗaki marar hayaniya, aka ba ta ruwan sanyi, surukata ta zauna da ita tana auna ta, ta ce in bugun bai sauka ba asibiti za a tafi ko ana so ko ba a so. Allah ya sa ya sauka. Ta yi barci har washegari, ta tashi kai kamar an ɗora mata turmi. A gida surukata ta yi mini faɗa, ta ce da matar ta mutu fa. Na ce da na yi mata wankan gawa, ai shi ma na iya. Ta ce kada a rubuta wannan. Rubuta.

Amma tun kafin a watse daga wurin sunan aka biya ni. Jaririn ya tsorata da hayaniya yana ta tsala kuka, uwarsa ta rasa inda za ta sa kanta, ƙanwar Mai Turare tana can tana fifita yayarta. Yarinyar ta dube ni, ta tako, ta ce, "Kaka, don Allah." Ta ɗora mini shi a hannu a gaban kowa. Na ji nauyinsa ya zauna inda ya saba zama. Na duba cibiyar na ga ba a gasa ta yadda ya kamata ba. Na kifa shi a kafaɗa, ya yi shiru.

Washegari na sauke tukunyata daga saman firji na wanke mata ƙura. Ɗan ba shi da laifi, uwarsa ma haka, don haka na karɓi wankan har arba'in. Sharaɗi ɗaya na kafa. Kowace safiya Mai Turare ce za ta tashi ta ɗora ruwan, ta tsaya a kansa da gwiwar tata har ya tafasa, ta kawo mini bakin baho da hannunta. Ranar farko ta ce, "Yaya, ya yi?" Na tsoma yatsa na ce, "Ƙara masa wuta. Ai ke ce gwanarta."

Tsohuwata 'yar Jamaika ta rasu a shekarar da aka sa wa benenmu sabuwar tukunyar ɗumama ɗaki, ganyen kuma ya tafi da ita, yanzu da sanda nake hawa. Malamar da ke addu'a ran nan ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Ƙanwar Mai Turare ta koma gida, an ce tana nan. Yarinyar nan 'yar Kumasi da ta janye ɗanta tana nan, ta sake haihuwa biyu, duka ni na wanke, ban taɓa tuna mata ba, ban kuma manta ba. Jikan Mai Turare, jaririn sunan, yana nan, ya shiga makaranta, in na yi masa Hausa ya amsa da Turanci. Mai Turare tana nan da ranta a wajen 'yarta, kuma har gobe in muka haɗu a taro ita ke fara tasowa ta gaishe ni. Sai ɗana, sai mai rubutun nan, sai ni.